But Ɗin Jar Motar Morufu

Garejin Harisu yana bakin layin dogo ne a Agege, tsakanin gidan burodi da rumfar wani mai faci da ake kira Baballe. A unguwar aka haife shi, a nan ya koyi kanikanci, kuma in ya juya harshe zuwa Yarabanci sai ka rantse ɗan Abekuta ne, in dai ba fuskarsa ka kalla ba. Fuskar ce ba ta ɓoyuwa. Yana jariri kakarsa ta sa aka yi masa askar Gobirawa, layi-layi daga gefen baki har kusa da kunne.

Amininsa tun ƙuruciya wani Bayarabe ne, Morufu, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu. Morufu yana shigo da motocin hannu daga Kwatano, Harisu ya dudduba su kafin a sayar. A daminar shekarar da sojoji suka miƙa mulki ya shigo da wata jar mota 'yar ƙarama mai ƙofa biyu, irin wadda ake naɗe rufinta na tamfol a tura shi baya, direba ya tafi iska tana kaɗa shi. Kowa ya zo kallonta, mai saye ne dai ba a samu ba.

Wata Alhamis a ƙarshen Nuwamba, Morufu ya ji labarin wani mai sha'awar motar a Ketu. Shi kuma Harisu saƙo ya iso masa daga ƙanin matarsa, Jabiru, dillalin albasa a kasuwar Mile 12, cewa babbar motar da ta kawo masa kaya daga Aliero ta ƙi tashi. Tunda hanyarsu ɗaya, suka tafi tare da safe. Morufu ya sauke shi a bayan kasuwa, a shagon Iya Basira mai garin rogo, suka yi da shi a nan zai dawo ya ɗauke shi.

An jima ana ta ce-ce-ku-ce tsakanin Hausawa da Yarabawa a kan shugabancin kasuwar, amma Harisu bai ɗauki abin da nauyi ba. Yana kwance ƙarƙashin babbar mota ya ga ƙafafun mutane suna wucewa da gudu, tumatir yana fashewa a ƙarƙashinsu. Kafin ya fito hayaƙi ya tashi ta wajen bakin titi. Jabiru ya fizgo hannunsa, suka bi ta lungun masu doya har shagon Iya Basira. Matar ba ta tambaye su komai ba. Ta tura su bayan buhuna, ta ja labule, ta koma ƙofa ta zauna da kwanon awonta a cinya.

Hantsi ya dubi ludayi sannan Morufu ya iso, ya shigo da motar da baya har bakin shagon. Ya ce musu titi ya cika da samari masu adduna da kwalabe, suna tare motoci suna leƙa fuskoki suna neman Hausawa. Dabarar da ya zo da ita ita ce ya bar rufin a naɗe, kowa ya ga kujeru ba kowa, mutum kuma yana kwance a but, wurin kaya na bayan mota. To amma rufin da aka naɗe ya cinye rabin but ɗin, ga tayar safaya a ƙasa. Jabiru ƙato ne mai faɗin kafaɗa. Ya gwada shiga, gwiwoyinsa suka tokare marfin. Harisu kuwa ɗan siriri ne, ya shiga daidai.

"Tahi, Yaya," in ji Jabiru da harshensa na Kabi. "In ka kai gida ku hidda tayan nan, shi dawo shi ɗauke ni. Ina nan."

Morufu ya rufe marfin.

Harisu ya sha kwana a ƙarƙashin motoci, bai taɓa sanin yana tsoron matsi ba sai ranar. Duhu ne, ga zafin ƙarfe, ga warin fetur da hayaƙin salansa yana shigowa ta wani wuri. Ba su yi nisa ba motar ta tsaya, ya ji an kewaye ta. Yarabancin da yake ji kamar Hausa shi ya zame masa azaba, don ba kalmar da ta wuce shi. Wani ya ce a buɗe but. Morufu ya yi dariya, ya ce motar wani babban mutum ce aka ba shi ya kai wanki, makullin but yana wurin mai ita, kuma wa zai ɓoye mutum a motar da ko rufi ba ta da shi? Wani ya hau kan marfin ya zauna, ƙarfen ya lotsa har ya taɓa kafaɗar Harisu. Wani ya buga gefen adda a kai. Sannan aka ce su wuce.

Ya daure har suka bar wajen. Can a kan hanyar Ogba, inda ba mai binsu, numfashinsa ya ƙi fita. Ya kira Morufu, iska ta tafi da muryar. Bai san lokacin da ya fara harbin marfin da ƙafa biyu ba, yana harbi yana salati, har ya ji wani abu ya ce ƙas a wajen makulli.

Da suka isa gareji Morufu ya sa makulli ya murɗa, makullin ya juya fayau, marfin bai motsa ba. Sai da Baballe ya kawo ƙarfen cire taya suka ɓanɓare shi da ƙarfi. Harisu ya faɗo ƙasa ya yi amai. Da ya ɗago, ya tarar da Morufu yana sauke marfin yana ɗagawa, marfin yana komowa sama da kansa.

Baballe ya ce a ɗaure shi da igiya kawai a tafi. Morufu ya girgiza kai. Ya ce abin da ya fisshe su shi ne motar ta yi kama da ta babban mutum, but ɗinta a kulle. In suka ga igiya, sara ɗaya za su yi mata. Ya dubi Harisu.

Harisu ya wanke baki, ya durƙusa ya duba ɓarnar. Ƙugiyar da ke kama marfin ta lanƙwashe, 'yar sandar da ke haɗa ta da makulli ta karye, wannan aikin ƙafarsa ne. Ƙarfen Baballe kuma ya yage wurin da ƙugiyar take zaune. Shagunan kayan mota duk an rufe tun da labari ya iso, wuta kuma babu, balle a yi walda. A bayan garejin akwai wata matacciyar tasi da kaji suke ƙwai a ciki. Ya je ya kwance ƙugiyar but ɗinta. Ta fi ta jar motar girma, ramukan notinta ma ba su zo daidai ba. Ya yanko ƙarfe daga ƙofar tasin ya yi faci, ya shiga huda shi da ƙusa da guduma, yana faɗaɗa ramin da magagari. Ƙusar tana ta zamewa. Ya buge babban yatsansa har farcen ya yi baƙi, bai tsaya ba.

Yana cikin haka matarsa Ruƙayyatu ta iso, mayafinta a karkace, takalminta wari da wari. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta yi hamdala, sannan ta leƙa cikin motar.

"Baban Laila, ina Jabiru?"

Ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba, har harbin da ya yi wa marfin. Ya so ta yi masa faɗa. Ita ce ta rubuta gida aka turo Jabiru Legas, ita ta yi wa mahaifiyarsu alkawarin za ta kula da shi. Amma ba ta yi masa ba. Ta naɗe bakin zanenta, ta tsuguna, ta tambaye shi abin da za ta riƙe. Ya miƙa mata filaya.

An kira azahar suna kai. Morufu da Baballe suka fidda safaya, suka ɓalle katakon da ya raba but da mazaunin rufin, don wurin ya ɗauki Jabiru. Harisu ya cire fitilar baya guda ɗaya ya huda ƙarfen da ke bayanta saboda iska, ya mayar da gilashin sako-sako. Ya ɗaura wayar birkin keke a jikin ƙugiyar, yadda na ciki zai iya ja ya buɗe wa kansa. Sannan ya ɗaure komai, ya sauke marfin. Ƙarfe ya bugi ƙarfe, marfin ya dawo. Ya sassauta noti, ya matsar da ƙugiyar kaɗan, ya sake saukewa. Haka dai. Ya yi ta gwadawa yana laluben abin da ba ya gani, alhali ya san gaskiyar tun farko: ba a ganin inda ƙugiya take kuskure zoben da take kamawa sai daga ciki, marfin yana rufe.

Baballe ya ce shi zai shiga. Ya shiga da tocila, aka rufe, ya fito ya ce shi dai ya ga ƙarfe biyu, bai san wanne ya kamata ya matsa ba. Harisu ya karɓi tocilar da sifana. Ya sa ƙafa ɗaya, warin fetur ya bugi hancinsa. Ya kwanta. Morufu ya sauko da marfin a hankali, haske yana raguwa, bai kai ga rufewa ba Harisu ya tokare shi da gwiwa ya fito, ya tafi jikin katangar gidan burodi ya dafa ta. Gumi ya jiƙa masa riga. Yana jin Morufu yana zagaya motar, yana duban rana.

Ruƙayyatu ta zo ta tsaya a bayansa. Ta ce ba za ta ce masa dole ba, amma ita za ta zauna a bakin ramin fitilar nan, ba za ta daina yi masa magana ba har ya fito.

Ya koma. Wannan karon marfin ya sauka duka, Morufu ya danne shi da hannu. Harisu ya kunna tocila ya saƙale ta a baki. Ta ramin yana jin muryar Ruƙayyatu tana ba shi labarin banza, na 'yarsu Laila da ta ƙi cin tuwo jiya, na maƙwabciya da akuyarta ta haihu. Ya bi muryar kamar mai bin igiya a rijiya. Da idonsa ya saba, ya ga matsalar a fili: ƙugiyar tasin ta yi tsawo, tana dukan zoben ta gefe. Sai an matsar da zoben hagu, an kuma sa masa wani abu a ƙasa ya ɗaga. Ya fara kwance notin, hannunsa a maƙale tsakanin ƙirjinsa da ƙarfe.

Sai Ruƙayyatu ta yi shiru.

Ya ji takun mutane da yawa a kan tsakuwar layin dogo, suka kewaye motar. Wani ya bugi marfin da wani abu mai nauyi. Harisu ya sandare. Komai ya dawo kamar da safe, sai dai wannan karon da Hausa ake maganar. Samarin unguwa ne, waɗanda labarin Mile 12 ya iso musu da ƙari. Ya gane muryar Sale, ɗan wani mahauci na Oko-Oba, yana tambayar me Bayarabe yake yi a nan yau, da wace fuska, bayan abin da 'yan uwansa suke yi wa mutane. Wani ya ce a ƙona motar. Morufu yana ba su amsa da Hausarsa ta Agege, muryarsa ƙasa-ƙasa, ba mai saurarensa.

Harisu ya so ya yi ihu, tocila tana bakinsa. In ya ɗaga marfin yanzu, zoben da ya daidaita da ƙyar zai zame, a koma farko. Ya ci gaba da murɗa notin, hawaye da gumi suna shiga masa kunne. Ya ji Ruƙayyatu ta tashi.

"Sale, ƙanena yana can a ɓoye a shagon wata Bayarabiya," ta ce. "Wannan mutumin da kake nunawa da sanda shi ya fito da mijina, shi kuma zai koma ya ɗauko ƙanena. In ka ƙona motar, kai za ka je?"

Baballe ya ƙara da cewa mijin nata ma yana cikin but ɗin da suke duka. Daidai nan notin ya ɗauru. Harisu ya tofar da tocilar, ya ce wa Morufu ya ɗaga ya saki. Marfin ya sauka, ƙugiya ta kama. Ya ja wayar keken, ya buɗe, ya fito a gabansu da jini a yatsa da sifana a hannu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ya san iyayensu. Suka ja da baya, suna gunaguni, suka nufi wajen tasha.

Lokacin an yi la'asar. Harisu ya ce zai raka Morufu, Morufu ya nuna masa askar fuskarsa da yatsa, ya shiga mota. Ruƙayyatu ta miƙa masa gorar ruwa ya ajiye wa Jabiru a but.

"Boda Morufu, Allah ya tsare," ta ce, tana kiransa yaya irin na Yarabawa.

Suka zauna a kan bencin gareji suna jira. Jirgin ƙasa ya wuce, mutane har a kan rufinsa. Motocin kaya suka fara shigowa da mutanen Mile 12, wasu ba takalmi, wasu da jini a riga, ana kai su masallaci da gidan sarkin Hausawa. Duk wadda ta tsaya sai Ruƙayyatu ta je ta leƙa. Harisu bai iya tashi ba. Yana ta lissafin abu guda a ransa: da bai harbi marfin ba, da Morufu ya juya tun kafin azahar.

Gab da magariba jar motar ta shigo, gilashin gabanta a tsage. Tun kafin ta gama tsayawa marfin ya buɗe daga ciki. Ruƙayyatu ta ruga. Wanda ya ɗago kai wani tsoho ne, busasshe, da tsumma ɗaure a goshi. Ya dube su a firgice, ya tambaya ko nan wurin jandarma ne. Sunansa Harouna, ɗan dako ne daga Maraɗi.

Morufu ya fito ya jingina da ƙofa. Ya ce Iya Basira ta gaya masa bayan azahar samarin sun fara bi shago-shago suna zazzage buhuna. Da suka kusa nata, ta fitar da Jabiru ta ƙofar baya, ya bi wasu da suka nufi fadama suna neman hanyar ofishin 'yan sanda. Daga nan ba ta san komai ba. Wannan tsohon kuma daga baya ta tsinto shi a cikin kwata, ta ɓoye shi, ta roƙi Morufu kada ya koma da but ɗin ba kowa.

Ruƙayyatu ta kama hannun tsohon ta taimaka masa ya sauko. Ta zaunar da shi a kan benci, ta kwance tsumman, ta ce wa Baballe ya samo ruwan zafi a gidan burodi. Duk abin nan ba ta kalli mijinta ba.

Washegari aka baza 'yan sanda a tituna, abin ya lafa. Harisu da Morufu suka shiga nema, daga wannan ofishin 'yan sanda zuwa wancan, daga bariki inda mutane suka yi sansani zuwa asibitoci. Sun shiga ɗakin ajiye gawa, Morufu ya riƙa ɗaga mayafan, Harisu yana dubawa. Ranar Lahadi suka same shi a barandar wani asibiti, kwance a kan kwali, da rai. An cim masa a bakin fadama, ya kare kansa da hannun dama. Likitoci sun ɗinke hannun, amma sun ce yatsun ba za su ƙara damƙar komai ba.

Jabiru bai zargi kowa ba. Da aka dawo da shi gida ya yi wa Morufu godiya har da hawaye, ya sa aka kai wa Iya Basira sauran albasar da ta tsira. Sau ɗaya kawai ya ce ya yi ta sauraren ƙarar motar daga bayan buhuna, duk wadda ta wuce sai ya ɗauka ita ce. Ya faɗi hakan yana murmushi, kamar labarin wani. Harisu ya tashi ya fita tsakar gida.

Ana saura 'yan kwanaki a fara azumi Jabiru ya ce shi ya gama da Ikko, gida zai koma. Da yamma Harisu ya dawo daga gareji ya tarar da Ruƙayyatu tana ninke kaya, nata da na Laila. Ta ce mutum mai hannu ɗaya ba zai yi wannan doguwar tafiya shi kaɗai ba, kuma ita ya kamata ta tsaya a gaban mahaifiyarsu ta yi bayani. Ya ce haka ne. Ya tambaye ta ko za ta dawo bayan salla.

"Bari mu je tukuna, Baban Laila," ta ce.

Da safe ya raka su tashar motocin Arewa. Ya samar wa Jabiru kujera ta jikin taga, ta ɓangaren da ba za a riƙa bugun hannun ba, ya saya musu burodi da ruwa. Laila ta manna fuska a gilashi tana ɗaga masa hannu. Ya tsaya har motar ta cika, ta tashi, ta sha kwana ta wajen kasuwa, sannan ya bi layin dogo a ƙafa ya koma gareji.